Kayan ɗaukar hoton gini a Damagaram: daga ƙafa-uku zuwa doguwar sanda

Aikin hoton gida na farko da na samu, wani sabon bene ne a hanyar Miriya. Mai shi yana Kano, dillali ne ya nemo ni. Na tsaya bakin ƙofa, na ɗaga hancin kamara sama don rufi ya shigo, na ƙyasta, na aika. Bayan la'asar sai ga kiran mai gidan: "Malam, gidan nawa kishingiɗa ya yi, ko magina ne suka cuce ni?" Gini lafiyarsa lau. Ni na kishingiɗar da shi.

Duk sanda ka ɗaga hancin kamara, bangayen gefe biyu sai su riƙa matsowa juna ta sama, gida ya zama kamar zai faɗi ta baya. In ka sunkuyar da ita kuma, sai su buɗe kamar bakin ƙwarya. Maganin guda ne: kamara ta tsaya daidai, bayanta a miƙe kamar bangon da take kallo. In saman gini bai shigo ba, ja da baya, ko ka ɗaga kamarar gaba ɗayanta. Duk kayan da zan lissafa a ƙasa hidimar wannan magana suke yi, kuma na jera su ne bisa yadda ya kamata kuɗinka ya fita, ba bisa yadda mai shago zai so ya sayar maka ba.

Mataki na 1: fara da ƙafa-uku

Yara masu shigowa sana'ar nan kowa kamara yake tambaya, ba mai tambayar abin da za ta zauna a kai. Alhali a hoton gini, tsohuwar kamara a kan ƙafa-uku mai ƙarfi ta fi sabuwa dal a hannu mai rawa. Gini ba ya gudu, don haka kana da damar barin kamara ta sha haske daƙiƙa ɗaya ko biyu a cikin ɗaki mai duhu, muddin ba ta motsa ba.

Nemi wadda za ta kai tsayin ƙirjinka ba sai ka zaro sandar tsakiya ba, domin sandar tsakiya ita ce mai rawa in iska ta taso. Ta alminiyom ta isa. Ka gwada ta a shago: buɗe ƙafafun, danna kanta da tafin hannu, ka murɗa. In ta yi laƙwas, bar musu abarsu.

Kan da ake ɗora kamara a kai ya fi ƙafafun muhimmanci. Mai ƙwallo, wanda in ka kwance shi yake juyawa ko'ina, yana da sauri amma yana ba da wahala: ka gyara hagu, gaba ta kuɓuce. Mai hannuwa uku ya fi, kowane hannu da ɓangaren da yake juyawa. Wanda ya fi duka shi ne mai haƙora irin Manfrotto 410, da ake murɗawa kaɗan-kaɗan kamar mai neman tasha a rediyo. In bai samu ba, mai hannuwa uku zai yi maka shekaru.

Sai ma'aunin ruwa, ƙanin wanda magina ke ɗorawa a kan bulo, nibo. Akwai ɗan ƙarami da ake cusawa a mazaunin filasha, kuma yawancin kamarorin zamani suna da nasa a allo. Ka duba ɓangare biyu: hagu da dama, sannan gaba da baya. Na biyun shi ake mantawa, kuma shi ne ya kunyata ni a hanyar Miriya.

Mataki na 2: idon kamara

Ido, wato lens, ko objektif a bakin waɗanda suka yi lakkol, nan ne kuɗi na gaba zai tafi. Lambar milimita da ke jikinsa ita ke gaya maka faɗin abin da yake gani: ƙaramar lamba, gani mai faɗi. A kamara mai cikakkiyar sensa (ɗan faifan da ke karɓar hoto a cikinta, mai milimita 36 da 24), ido mai 16mm yana ɗaukar kusan digiri 97 daga hagu zuwa dama, 24mm kusan 74, 35mm kusan 54. Shi ya sa 16-35mm ya zama abokin aikin masu hoton gidaje.

Amma mafi yawan kamarorin da ke hannun mutanenmu masu ƙaramar sensa ne, irin su Canon 700D ko Nikon D5300. A kansu sai ka ninka lambar: sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony. Ke nan 18-55mm da ke zuwa tare da kamara, faɗinsa na ƙarshe kamar 27 zuwa 29mm ne. Ya isa hoton ango da amarya, bai isa ɗakin mita uku da rabi ba. Abin da kake buƙata shi ne Canon EF-S 10-18mm, ko Nikon AF-P 10-20mm, ko Sigma 10-20mm, ko Tokina 11-16mm. Dukkansu ana samun na hannu.

Ga lissafin da zai nuna maka amfanin abin a waje, a kamara mai cikakkiyar sensa. Ɗauka bene ne mai tsayin mita 7, kamara tana kan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a tsaye daidai. Da 24mm sai ka ja baya mita 11 kafin rufi ya shigo. Da 16mm, mita 7 da ƴan kai. In ka juya kamarar a tsaye da 16mm ɗin, mita 5 sun isa. Rabin hoton na ƙasa zai cika da yashi da sawun kabu-kabu, amma wannan ba matsala ba ne, yanke shi za ka yi daga baya. Gara ka zubar da rabin hoto da ka karkatar da bango.

A sabbin unguwanni, inda aka yanka farsel da hanyoyi masu faɗi, wannan ya wadatar. Birni kuwa wani abu ne daban. Lungu ne da jaki biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe, ga ƙofar gida mai zane da zankwaye a sama, ba inda za ka ja. Nan ne ido mai zamewa yake nuna kansa, irin Canon TS-E 17mm da TS-E 24mm, ko Nikon PC-E 24mm, ko Laowa 15mm. Kamara tana nan daidai, sai ka murɗa ɗan maɓalli gilashin ya zame sama, har milimita 12 a na Canon ɗin. Yashin ƙasa ya fita, zanko ya shigo, bango bai karkace ba. Benen nan mai mita 7 da ya nemi mita 11, da 24mm mai zamewa mita 5 da rabi sun ishe shi. Da hannu ake saita shi, kuma tsadarsa ta fi ta kamarar mutane da yawa. Ra'ayina: in hoton gidajen haya da na sayarwa kake yi, kar ka saye shi. In kuwa masu zanen gine-gine ne ko masu aikin adana kayan tarihi ke ba ka kwangila, zai maido kuɗinsa. Tsohon garin Zinder (Damagaram), wato Birni da fada, yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 don shiga jerin kayan tarihi na duniya, kuma masu irin wannan aiki ba sa karɓar bango a karkace.

Wata magana a gefe. Ido mai faɗi yana ƙarya. A 10mm, shago ɗan tsugul sai ya fito kamar zauren sarki. Dillali zai so haka, amma mai saye da ya taso daga Yamai ko Agadas ya zo ya ga abin da idonsa, sunanka zai riƙe, ba na dillali ba. A cikin ɗaki ina tsayawa tsakanin 20 da 24mm a lissafin cikakkiyar sensa, wato 13 zuwa 15 a ƙaramar. Ba na sauka ƙasa da haka sai a makewayi da madafa.

Mataki na 3: kamarar kanta

Nan ba doguwar magana. Kowace kamara da ake canza wa ido, mai megafiksel 18 zuwa 24, ta isa. Abu uku za ka tabbatar tana da su: tana ajiye hoto a RAW (ɗanyen hoto da kamara ba ta matse ba), tana iya ɗaukar hoto uku a jere masu bambancin haske (a Canon AEB ake rubutawa, a Nikon BKT), kuma tana da Wi-Fi, saboda aikin sanda da ke tafe. Allo mai juyawa ƙari ne mai daɗi in ka matse a kusurwa.

In ta hannu za ka saya, a Kano ko wajen masu kawowa daga Kwatano, sa a nuna maka adadin ƙyastawar da ta yi. Sannan cire idon, ka haska shi da fitilar waya. Kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku suna yin fumfuna a cikin gilashi, kamar saƙar gizo-gizo. Zafin Damagaram ba zai goge ta ba.

Wanda waya kawai yake da ita, shi ma kar ya zauna. Kunna layukan saiti a allo, sayi maƙalin ɗora waya a ƙafa-uku, ka kiyayi maɓallin 0.5 sai dole, don faɗinsa ya kai kusan 13mm kuma yana miƙe gefuna.

Mataki na 4: aikin cikin ɗaki

Ka riga mai gida zuwa da rabin awa in da hali. Kwashe buta, takalma, igiyar caji, kalandar bara. Buɗe labule, kashe fanka don fukafukanta kar su zama hayaƙi a hoto.

Kafa ƙafa-uku a kusurwa ko a bakin ƙofa, kamara a tsayin mita 1.2 zuwa 1.5. In ta yi sama da haka, rufi zai cinye hoton, kujeru su nutse. A falon da ake zama ƙasa a kan darduma da tumtum, ina saukowa har mita ɗaya. Saita ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a 100, ƙofar haske a f/8, ka bar kamara ta zaɓi tsawon lokaci. Sa mai jinkirin daƙiƙa biyu don yatsanka kar ya girgiza ta, ka kuma kashe mai hana rawa na jikin ido tunda tana kan ƙafa.

Babbar matsalar ɗakunanmu taga ce. Ƙanana ne don gudun zafi, ciki duhu, waje rana kamar ta fasa dutse. Ba kamarar da ke iya haɗa biyun a ƙyastawa ɗaya: ko ɗaki ya fito taga ta zama farin fili, ko taga ta fito ɗaki ya zama rami. Sai ka ɗauki uku ba tare da ka taɓa ƙafa-uku ba, ɗaya a -2 (mai duhu), ɗaya a 0, ɗaya a +2 (mai haske), ka haɗe su a kwamfuta. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana yi, Darktable ma tana yi kuma kyauta ce. Kar ka matsa haɗin har inuwa ta ɓace gaba ɗaya. Ɗakin da ba inuwa kamar zanen kwamfuta yake, ba mai yarda da shi.

Filasha ɗaya tana taimako in ka juya ta ta bugi farin silin ko bangon bayanka. Amma a soron gargajiya mai rufin azara, ko bango mai jan shafe, hasken zai dawo da launin abin da ya buga, komai ya yi ja. A irin wannan wuri ajiye filasha, ka bar hasken ƙofa ya yi aikinsa ko da zai ɗauki daƙiƙa huɗu. Bakan gizo da tulluwar rufin soro sun fi kyau da hasken da ya shigo ta gefe.

Kula da launin fitilu. A ma'aunin launin haske, hasken rana kusan 5500K ne, farar fitilar LED da ta cika gidajenmu kusan 6500K, mai ruwan ɗorawa kusan 2700 zuwa 3000K. In suka cakuɗe, bango ɗaya zai fito da launi biyu. Da rana kashe fitilu ya fi sauƙi, kuma ka huta da fargabar ɗaukewar kuran. In dole sai da su, kar saurin ƙyastawa ya wuce 1/50 na daƙiƙa, domin wutarmu mai 50Hz ce, wasu fitilun suna ƙiftawa su bar ratsi a hoto.

Filta mai kashe ƙyalli, CPL, tana da amfani a kan tayil, ko karo yadda muke cewa, da gilashin taga. Tana rage haske, amma ƙafa-uku ta ɗauke maka wannan. A sararin sama da ido mai faɗi kuwa, takan sa wani gefe ya fi wani duhu, sai ka sassauta ta.

Mataki na 5: rana da ƙura

Zinder tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, kuma wannan yana da tasiri a aikinka. Gidan da ke kallon arewa ba ya samun rana sosai a fuskarsa sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta. Da hunturu, fuskar kudu ce ke shan rana wuni guda. Don haka kafin ka sa rana da dillali, tambaye shi ina ƙofa ta kalla. In ya ce bai sani ba, ce masa in mutum zai yi salla a ƙofar gidan, ina zai juya.

Zanen bango irin na Birni da Zango, wanda aka tayar da shi a jikin shafe, haske daga gefe yake so. In rana ta bugi bango ido da ido, zane sai ya kwanta ya zama fenti kawai. Bangon kudu da hunturu, da hantsi ko bayan la'asar, nan za ka ga kowane layi da inuwarsa. Bangon gabas kuwa bari sai rana ta ɗan ɗaga. Haka ƙofar fadar Damagaram, wadda asalin gininta ya koma tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun: je ka kalle ta sau biyu a wuni ɗaya kafin ka kafa ƙafa, kuma ka nemi izinin fadawa tukuna.

Hoton gida da fitilunsa a kunne, sama tana shuɗiya, shi masu otal da masu manyan gidaje suka fi so. A nan lokacinsa bai wuce minti ashirin ba bayan faɗuwar rana, kuma daidai kiran magariba yake faɗowa. Ni na koma yin sa da asuba: in an sallame, na kafa kaya, kafin rana ta ɓullo na gama, ga titi ba kowa.

In hazo ya sauka, sama fara fat take fitowa, rage ta a hoto ko ka ɗage aikin waje. Sararin da ya fi kyau shi ne na washegarin ruwa a Agusta da Satumba. Ƙurar hunturu kuma ita ce ajalin sensa: kar ka canza ido a waje, shiga mota ko ɗaki, ka juya bakin kamara ƙasa. Riƙe ɗan famfon roba na hura iska, kada ka hura da baki. Don ka gane ko ta shiga, ɗauki hoton farin bango a f/16, ɗige-ɗigen za su bayyana. Da bazara kuma tuna cewa yawancin kamarori an yi su ne su yi aiki daga digiri 0 zuwa 40, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce nan. Farin ƙyalle a kan kamara, batir na biyu a inuwa, kar a bar jaka cikin rufaffiyar mota.

Mataki na 6: hoto daga sama

Gidajenmu katanga ce ke rufe su. Daga titi, abin da mai saye zai gani ƙofar ƙarfe ce da bango. Ɗaga kamara mita huɗu ko biyar kawai, sai tsakar gida, bishiya, tankin ruwa da girman fili duk su bayyana. Ga kuma ribar farko: in kamara ta kai rabin tsayin gini, ba sauran ɗaga hanci. Benen mita 7, kamara a mita 3 da rabi, 24mm zai ɗauke shi daga nisan mita 7.

Fara da abin da ke wurin: benen maƙwabci in ya yarda, kan mota, ko duwatsun da Allah ya zuba mana a gari. Sai sanda mai zugewa. Akwai waɗanda aka yi don hoto, masu kai mita 6 zuwa 8, amma sandar masu fenti ma tana yi in mai walda ya kafa mata kusa mai zare a kai. Zaren gindin kamara kwata inci ne, 1/4-20, ka kai masa farantin da ke maƙala kamara a kan ƙafa-uku ya gani. Kamara mara nauyi za ka ɗora, ko waya, ka kuma ɗaure ta da igiya ta biyu a jikin sandar. Haɗa ta da waya ta Wi-Fi, yaronka ya kafe gindin sanda a ƙasa ya riƙe, kai kana kallon allo kana ce masa dama ko hagu. Sanda ba ta daina lilo, don haka kai sauri 1/500 ko fiye, ISO 400, ka ɗauki goma a jere ka zaɓi wanda ya miƙe.

Kafin ka zuge sanda, ɗaga kai ka nemi wayar wuta. Alminiyom yana ɗaukar wuta, sandar kabon ma haka. Inda waya ta gifta, ba hoton da ya kai ranka.

Sannan maganar da ba ta cikin takardar kowace kamara: daga mita biyar, ba gidan da aka sa ka kaɗai kake gani ba, har tsakar gidan maƙwabta da iyalinsu. Na taɓa zuge sanda ban yi sallama ba, wata dattijuwa ta leƙo ta ce, "Kai yaro, leƙen me kake mana?" Na ce, "Yi haƙuri Inna, gidan Alhaji nake ɗauka." Ta ce, "To gidan Alhaji a cikin madafata yake?" Ban da amsa. Tun ranar, sai dillali ya shiga maƙwabta ya faɗa, a tsohuwar unguwa kuma mu fara gaida mai unguwa, kuma duk abin da ya shigo hoto na gidan wani sai na yanke.

Jirgi marar matuƙi shi na bari ƙarshe da gangan. Ƙananan DJI Mini, masu nauyin ƙasa da giram 250, suna fitar da hoton fili da gona da babban gini yadda sanda ba za ta iya ba. Amma rashin nauyinsa ba izini ba ne. Sararin sama yana hannun hukumar jiragen sama, ANAC, da jami'an tsaro, garin nan kuma akwai filin jirgi da barikin soja, ga halin da ƙasa ke ciki. Kar ka tayar da shi sai da takardar izini a aljihu. Iskar hunturu tana jan ƙaramin jirgi, yashi yana shiga injinansa, don haka in ka samu izinin, shimfiɗa tabarma ya tashi a kai. Gidan zama guda ɗaya dai, sanda ta ishe shi.

Mataki na 7: gyara da miƙawa

Ko da nibo, ɗan karkata ba ya rasuwa, musamman a hoton sanda. A Lightroom kunna gyaran ido tukuna, don ya cire kumburin da ido mai faɗi ke sa wa layuka, sannan ka miƙar da tsaye. A waya Snapseed yana yi. Ka bar sarari a gefuna tun wajen ɗauka, domin miƙarwa tana cin gefe. Da ginin ƙasa kuwa yi hattara: bangon tubali da ma ginin sa ake yi da faɗi a gindi, yana sirancewa sama. In ka tilasta masa ya miƙe kamar na bulo, ka ɓata shi. Nemi ƙyauren ƙofa ko turken wuta ka auna da shi.

Goge leda da ta maƙale a waya ba laifi. Goge tsagewar bango ko tabon yoyo a gidan da za a sayar, wannan ha'inci ne, ko dillali ya roƙa.

Gida mai ɗaki uku, hoto 15 zuwa 20 sun isa, a jere yadda baƙo zai shiga: ƙofa, tsakar gida, falo, ɗakuna, madafa, na sama a ƙarshe. Fitar da kashi biyu, manya don bugawa, ƙanana masu faɗin fiksel 2000 don intanet. In ta WhatsApp za ka aika, tura su a matsayin takarda, don in ka tura a matsayin hoto zai matse su, zanen da ka jira hantsi dominsa ya dushe. Ajiye RAW ɗin a wuri biyu, domin bayan wata shida dillalin zai kira ya ce wayarsa ta faɗa ruwa.